Abin da Kalangu Ya Faɗa a Rumfar Tiga

Ni ne na yi ƙarya, kuma na daɗe ina yin ta. Da wannan zan fara, domin duk wanda ya taɓa jin tarihin rumfar kiɗa ta Tiga daga bakina, ko a majalisa ko a rediyo, ya ajiye wancan ya ɗauki wannan. Ban yi zurfin karatu ba, daga firamare na tsaya. Amma abin da ya faru a rumfar nan a gaban idona ya faru, kuma yau ba mu fi mu uku da za mu iya faɗarsa ba.

Ba don kiɗa aka kafa rumfar ba. Bayan an gama madatsar ruwa, Tiga ta cika da baƙi. Masunta suka zo daga nesa da komarsu, ma'aikatan ruwa suka tare, kuma yawancinsu ba su zo da iyali ba. Yayar mahaifiyata, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarami, ita ce ta ga cewa mutanen nan suna bukatar tukunya. Mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya ta yi aure a Kiru. Kowa Inna yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ta kafa rumfar kara a kan hanyar da masunta ke haurowa daga bakin ruwa, tana tuƙa tuwon dawa da miyar kuka. Tuwon kamar na kowa ne. Miyar ce ta tara mata jama'a, don busasshen kifi take marmasawa a ciki, da daddawar da ita take yi da hannunta, ba ta saye.

Makaɗan su huɗu ne. Ba sai na faɗi sunansu ba, duk wanda ya tashi a zamanin kaset ya san su. Shugabansu mai gurmi ne, shi ke waƙa. Bazazzagi ne da ya yi aikin haƙar kuza a Riruwai, da aikin ya mutu ya sauko Tiga neman abin yi. Mai kalangu daga Bebeji yake, a da mahauta yake yi wa kiɗa ranar kasuwa. Sauran biyun 'yan amshi ne, wa da ƙane, da safe gyaran koma suke yi wa masunta. A lokacin ba wanda ya san su. Wajen Inna suke cin abinci, kwano ɗaya su huɗu, kayan kiɗansu a jingine jikin kara.

Ni kuwa a lokacin na dawo gida ne ba aiki. Kwandasta nake a motar Kano, na yi faɗa da direba ya sauke ni. Ina zaune a rumfar ina cin tuwon da ban nema ba, amma idona yana kan kwanon wasu.

Na ce mata, “Inna, mutanen nan maroƙa ne. Cima-zaune ne. Ki kore su kafin su cinye ki.”

Ta ce, “Tukunyarka ce?”

Na ce a'a.

Ta ce, “To ci naka ka wanke hannu.”

Wata la'asar, ina nan zaune, miyarsu ta ƙare tuwo bai ƙare ba. Mai gurmi ya zunguri mai kalangu da gwiwar hannu.

“Kai, yi wa Inna magana.”

“Kai da bakinka ne sana'arka, ba ka yi ba sai ni?”

“Ni na roƙa jiya. Ta ce Zazzagawa ba su san ƙoshi ba.”

Inna ta amsa daga bakin murhu, “Na faɗa, kuma zan sake. Ku da kuka zo Kano kuka ga tuwo.”

Mai kalangu mutum ne mai kunya, kunyarsa har ta fi ta Fulani. Ya dubi masuntan da ke cike da rumfar, ya ga ba zai iya buɗe baki ya roƙi miya a gabansu ba. Sai ya goge hannu a wandonsa, ya jawo kalangu ya saka a hammata, ya matse tsarkiya, ya ɗan buga a hankali. Ya tsaya. Ya sake bugawa.

Inna ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, “Na ji. Miƙo kwanon. Gangar nan taka ta fi ka baki.”

Wani masunci ya ce, “Inna, me ta ce?”

“Kai kurma ne? Ta ce, Inna, a ƙara miya.”

Rumfa ta kaure da dariya. Aka ce ya sake, ya sake. Masunta suka ɗaga kwanoninsu suna bin kiɗan da baki. Mai gurmi ya ga abin ya yi daɗi, ya ɗauki gurminsa ya ɗora waƙa a kai, 'yan amshi suka karɓa da tuwo a bakinsu. Ranar har aka kira magariba ba wanda ya tashi. Wannan ne kiɗan farko da aka yi a rumfar Tiga, kuma ɗan bugun nan na roƙon miya shi ne ya zama takensu, wanda suke buɗe kowane wasa da shi har suka tsufa.

Daga nan abin ya zama al'ada. Ranar Juma'a bayan la'asar, Inna takan janye tukwane gefe, a share fili. Labari ya bazu. Mutane suka fara zuwa a keke daga Bebeji da Tudun Wada, samarin Fulani su biyo in sun tashi daga kasuwa, su jingine sandunansu su tsaya a baya.

A nan ne na shigo, kuma abin da na yi ba zan rage wa kaina ba. Ni na kewaye filin da zana, daga baya na sa kwano. Ni na sa kafinta ya yi bencuna. Ni na samo lasifika na haɗa ta da batirin mota, har ana jin gurmi daga bakin ruwa. Da dattawan gari suka fara ƙorafi, ni na je na durƙusa gaban liman na yi alkawari cewa ladan na ɗaga murya za a ajiye kayan kiɗa, kuma ba a taɓa saɓawa ba. Giya ba ta taɓa shiga wurin ba, don ni ke bakin ƙofa. Na ajiye wata kujerar katako a nan, duk mai shiga sai ya bi ta gabana. Yara kan leƙa ta ramin zana, ni kuma in daka musu tsawa. Daga nan suka sa mini Zaki. Ba yabo ba ne, tsokana ce, amma sunan ya bi ni, ni ma na fara jin daɗinsa.

Wani mai sayar da kaset daga Kano ya zo ya ɗauki wasansu. Ba a daɗe ba aka fara jin su a rediyo. Sai gayyata ta ko'ina, Kano, Kaduna, Jos, har Nijar. Suka sayi mota aka rubuta sunansu a jiki. Duk da haka kowace Salla sai sun dawo rumfar sun yi wasa kyauta, kuma kafin su taɓa kayan kiɗa sai sun je sun tsuguna gaban Inna. Mai gurmi ya kawo mata turmin atamfa, ta ce, “Ashe Bazazzagi yana ƙoshi har ya yi kyauta.”

Ga yadda ƙaryar ta fara. Kalangu ba shi da harshe. Hawa da sauka kawai yake yi, mai sauraro ne ke sa masa kalma. Wanda ya san take ya san abin da ake nufi, wanda bai sani ba duk abin da aka faɗa masa in ya hau kan kiɗan sai ya yarda. Wata Juma'a wani direban babbar mota ya tsaya a gabana, ana buga taken a ciki, ya ce, “Maigida, wai me kalangun nan yake cewa? Kullum ina ji a kaset.”

A lokacin ciwon gwiwa ya riga ya sa Inna ta bar tuwo, ta koma Kiru wajen 'yarta, wadda nake ce wa Yaya. Ba kowa kusa da zai ƙaryata ni. Na gyara zama na ce, “Ba ka ji ba? Cewa yake, Zaki a kan kujera.”

Direban ya kasa kunne, ya bi kiɗan da baki. Ya hau daidai. Ya yi dariya ya ce, “Wallahi haka ne! Ashe takenka ne.”

Da wasa na faɗa, na rantse. Amma na ga yadda ya dube ni bayan nan, na kuma so wannan kallon. Na sake faɗa wa wani. Wanda na faɗa wa ya faɗa wa wasu. Aka wayi gari in na shiga kasuwar Tiga sai in ji ana cewa, “Zaki a kan kujera!” ni kuma in ɗaga hannu.

Shekaru suka tafi. Mai gurmi ya rasu, Allah ya jiƙansa. 'Yan amshi ɗaya ya bi shi, ɗaya ya koma garinsu. Aka zo lokacin da aka taƙaita kiɗe-kiɗe, rumfar ta tsaya. Na mai da ita gidan kallon ƙwallo, hakan ma bai ɗore ba. Yanzu wani mai albasa ne ke ajiye buhunansa a ciki. Da rumfar ta mutu sai ya zama ba abin da ya rage mini sai labarinta, ni kuwa kullum ina ƙara masa gishiri.

Sai ga wani saurayi daga gidan rediyo, yana haɗa shiri kan tsofaffin makaɗa. Aka nuna masa ni. Na sa babbar riga, na kai shi wurin, na nuna masa inda kujerata take a da. Na ce ni na kafa rumfar. Na ce ni na tsinci mutanen nan da yunwa na ciyar da su, shi ya sa suka yi mini take. Yaron ya yi tambaya mai kyau. Ya ce, “Baba, an ce a da ana sayar da abinci a nan. Wa ke dafawa?”

Allah ya ba ni ƙofa a nan, na ƙi shiga. Na ce, “Akwai wata tsohuwa da muka ɗauka tana yi mana girki.”

Matar da ta goya ni a bayanta. Haka na ce.

Washegarin da aka sa shirin Yaya ta kira ni a waya. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

“Inna ta ji.”

Na ce, “Yaya, kin san 'yan rediyo, yanke magana suke yi.”

“Muryarka ma su suka yanka? Ka san abin da ka yi? Shekara da shekaru tana ba matan unguwa labarin miyar nan. Ta tara su jiya, ta ce ku zo ku ji ɗana zai yi magana a rediyo, za ku ji sunana. Suna zaune a tabarmarta ka ce an ɗauke ta aiki.”

Na ce, “Me ta ce?”

“Ta ce a kashe rediyon kada batir ya ƙare.”

Daga baya na ji sauran. Matan unguwar ba mugaye ba ne, amma baki baki ne. Suka fara ce mata mai miyar kalangu. Wata ta ce tsufa ne, tsoho yakan ji labarin wani ya ɗauka nasa ne. Jikokinta da suka saba alfahari da labarin a makaranta aka yi musu dariya. Inna ta daina ba da labarin. Ta daina fitowa tsakar gida in maƙwabta sun shigo. Mace mai tsokanar kowa ta koma zama a ɗaki, a garin da ba nata ba, an mai da ita maƙaryaciya, kuma ni na mai da ita.

Na san abin da ya kamata in yi, tsakanin Tiga da Kiru kuma ba wata tafiya ba ce. Ban je ba. Na sayi busasshen kifi mai kyau na ba wani ɗan acaɓa ya kai mata. Ya dawo ya ce ta karɓa, ta ce a gaishe da Zaki. Tun da aka sa mini sunan nan ba ta taɓa kirana da shi ba sai ranar. Na gane, amma na yi kamar ban gane ba. Salla ta zo na ce ba ni da lafiya.

Abin da ya karya ni a Tudun Wada ya faru, wajen bikin ɗan wani abokina. 'Ya'yan mai kalangu ne suka gaji sana'ar, su aka gayyato. Shi mai kalangun yana zaune gefe a kan tabarma, ya rame, gemu ya yi fari tas. Ina shigowa yaran suka hango ni, babban ya matse kalangu ya saki taken da ƙarfi, sanƙira ya ɗaga murya, “Zaki a kan kujera! Mai rumfar Tiga ya iso!” Jama'a suka juyo. Na ɗaga hannu kamar yadda na saba.

Tsohon ya miƙa hannu ya ce wa ɗansa, “Ba ni nan.”

Yaron ya ba shi. Ya sa a hammata. Ya ce, “Ba haka ake buga shi ba. Kuna buga shi kamar waɗanda suka ƙoshi. Da yunwa ake buga shi, a hankali, kada mutane su ji.”

Ya buga sau ɗaya, ƙasa-ƙasa, kamar ranar farko. Ya mayar wa yaron kalangunsa. Mutane suka yi tafi ba su san me aka yi ba. Ni hannuna yana sama, na rasa yadda zan sauke shi.

Da aka idar da sallar la'asar na je na zauna kusa da shi. Muka gaisa, muka yi wa mai gurmi addu'a. Na ce, “Ka ji shirin?”

“Na ji.”

“Ba ka ce komai ba.”

Ya ce, “Ka san ni. Miya ma ban iya roƙa ba, balle in tsaya gaban mutane in ce wane ya yi ƙarya. Yaran nan ma a bakin mutane suka ji, na bar su. Shiruna laifi ne, zan nemi tawa gafarar. Amma ni ba ta goya ni ba.”

Na ce, “Ka raka ni Kiru.”

Ya girgiza kai. “In na bi ka za ka ɓuya a bayana. Je ka kai kaɗai. Kuma ka yi sauri, ni da ita duk mun kusa.”

Na fara neman yaron rediyon a waya. Ya saurare ni da ladabi, ya ce shirin ya riga ya wuce, sai dai in an sake waiwayar batun wata rana. Magana zarar bunu ce. Na ga cewa ko da an sake sakawa, ba mutanen Kano ne suka yi wa Inna dariya ba. Matan da suka zauna a tabarmarta ne.

Da hantsi na sauka a Kiru. Na sami mijin Yaya a ƙofar gida, na gaya masa abin da ya kawo ni, na roƙe shi a kira duk matan da suka ji shirin nan, da jikoki. Ya dube ni ya ce, “Ka tabbata? Bakinsu ba kyau.” Na ce shi ya sa.

Yaya ta fito da Inna tana riƙe da hannunta, ta zaunar da ita a inuwar ɗaki. Ta ƙanƙance, idonta ya yi hazo. Tsofaffin unguwa suka shigo ɗaya bayan ɗaya da mayafansu, suka zazzauna, yara suka tsaya jikin bango. Na cire takalmi da hula, na durƙusa a ƙasa.

Na ce, “Inna, ina kwana.”

Ta ce, “Wa ke nan?”

Yaya ta ce, “Inna, kin san muryar.”

“Au, maigidana ne da ya ɗauke ni aiki? Ku kuwa kun bar shi a ƙasa? Ku kawo masa kujera mana.”

Wata tsohuwa ta fashe da dariya, ta toshe baki da mayafi. Wata ta ce, “Shi ne na rediyon? Na zaci ƙato ne.” Ban ɗaga kai ba sai da suka yi shiru. Sannan na juya gare su, na gaya musu komai kamar yadda na rubuta a nan: wanda ya kafa rumfar, da wanda ya ce a kori makaɗan, da abin da kalangu ya faɗa. Na ce wa jikokin su je makaranta su faɗa, duk wanda ya musa a turo shi Tiga wajena. Sai na juyo gare ta.

Na ce, “Inna, rumfar taki ce, taken naki ne. Ba wanda ya ɗauke ki aiki, ke kika ɗauke ni tun ina cikin tsumma, kika ciyar da ni har da gemuna. Na san gaskiya lokacin da na yi ƙaryar, ba mantuwa na yi ba, kuma ba 'yan rediyo ne suka yanke ba. Na so a girmama ni ne da abin da ba nawa ba, na bari aka ce ke ce maƙaryaciya, na kuma ƙi zuwa don tsoron idonki. Ba ni da hujja ko ɗaya. Na yi miki laifi, Inna. Don Allah ki yafe mini.”